Shiga destof ɗin saba daga nesa ba tare da ɓarawo ya biyo ka ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da abokan aiki suke ta maimaita min, har na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Saba dai kwamfuta ce da ke can wani wuri a kunne, kana aiki da ita ta intanet. Yawancin misalan na Ubuntu ne, wani nau'in Linux, don shi na fi taɓawa, amma masu Windows ma akwai rabonku a ƙasa.

Malam na kama hayar saba, na shiga sai baƙin allo da rubutu kawai nake gani. Ina destof ɗin?

Babu shi, kuma ba cutarka aka yi ba. Sabar Linux haka take zuwa tsirara, ba tagogi ba linzami, don duk abin da aka ɗora mata yana cin RAM. In kana son destof kai za ka saka da hannunka, kuma shawarata destof ɗin da ake kira XFCE, saboda ba shi da nauyi. Umarnin shi ne sudo apt install xfce4 xfce4-goodies dbus-x11. Wani destof ɗin mai suna GNOME ya fi kyan gani amma a sabar da RAM ɗinta giga 1 ko 2 ne wallahi wahala kawai za ka sha, musamman in ka buɗe burauza a kai.

Kafin ka saka dai ka tambayi kanka ko da gaske kana bukata. Da yawa tsoron baƙin allon ne kawai yake damunsu.

VNC da RDP mene ne bambancinsu, wanne zan ɗauka?

Duk aikinsu ɗaya, su kawo maka allon waccan kwamfutar, su kai mata abin da ka danna. VNC an ƙirƙiro shi a wani ɗakin bincike na Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila, aka sake shi kyauta a 1998, shi hoton allo yake ɗauka yana turo maka guntu-guntu, duk inda ya canza ya sake turowa. Ƙofarsa, wato lambar port da ake samunsa ta ita a kan saba, tana farawa daga 5900, allo na ɗaya 5901, na biyu 5902, haka dai. RDP kuma na Microsoft ne, shi ma tun 1998 yake, ƙofarsa 3389, kuma ya fi iya tattalin data da jure sabis mai rauni, yana ɗauko sauti, yana barinka ka kwafi abu daga nan ka liƙa can ba rigima.

In sabarka Windows ce ba sai ka saka komai ba, RDP yana ciki (amma Windows Home ba ya karɓar baƙo, sai Pro ko Server). In Linux ce kana iya saka TigerVNC ko kuma xrdp wanda yake magana da yaren RDP. Ni in da layin waya nake aiki xrdp na fi so.

To ai shikenan sai in buɗe 5901 ko 3389 in saka fasuwad mai ƙarfi ko?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubuta duk wannan.

Ka ɗauki sabarka kamar gida irin namu na gargajiya. Baƙo ba ya faɗowa tsakar gida kai tsaye, ta zaure yake bi, ya yi sallama, a san ko wane ne sannan a ce ya shigo. Wanda ya buɗe 3389 ga duk duniya kamar ya fasa katanga ne ya yi ƙofa daga titi zuwa ɗakin kwanansa, ya saka kwaɗon ɗari biyar yana cewa ai a kulle yake.

Mutane suna cewa wa ya san adireshina, ni wane ne da za a neme ni. Ba kai ake nema ba ɗan'uwa, ba mutum ba ne ma yake zaune yana nema. Manhajoji ne suke bin adireshin intanet kaf ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa, adireshin IPv4 gaba ɗayansu biliyan 4 da ɗoriya ne, kuma akwai kayan aiki irin masscan da kan zagaye su cikin mintuna in layi yana da ƙarfi. Akwai ma Shodan, tun 2009 yake, aikinsa kenan ya tara jerin na'urorin da ƙofarsu ke buɗe, kowa yana iya shiga ya bincika. In kana tantama ka kunna sabuwar saba ka bar ta kwana ɗaya, da safe ka buga sudo journalctl -u ssh ka gani da idonka sunayen da ake ta gwada shiga da su, root, admin, test, ubuntu, layi bayan layi daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba.

Sannan VNC na asali yana da wani abin takaici: fasuwad ɗinsa haruffa 8 na farko kawai yake ɗauka, in ka rubuta 20 sauran 12 ɗin ado ne. Kuma a tsohon tsarinsa abin da ke kai-komo tsakaninku ba a lulluɓe yake ba, wanda ke kan hanya yana iya ganin abin da kake bugawa. RDP ya fi shi a nan, yana lulluɓewa, amma shi ma a watan Mayun 2019 aka gano ramin da ake kira BlueKeep, wanda ake iya shiga tsofaffin Windows ba tare da fasuwad ba sam, abin ya yi muni har sai da Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP da ta daina kulawa tun 2014. Ka ga a irin wannan ranar ƙarfin fasuwad ɗinka ba abin da zai tsinana maka. Masu garkuwa da fayil su nemi kuɗin fansa kuwa, RDP da aka bari a buɗe yana cikin ƙofofin da suka fi so.

To ta ina zan shiga in na rufe?

Ta zauren. Zauren shi ne SSH, hanyar shiga saba a lulluɓe da ke ba ka baƙin allon nan, ƙofa ta 22, wanda Tatu Ylönen ya rubuta a Finlan a 1995 bayan an yi satar fasuwad a netiwok ɗin jami'arsu. Dabarar ita ce ka ce wa VNC kada ya saurari kowa sai na cikin gida, wato 127.0.0.1, adireshin da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi, kai kuma ka shiga ta SSH ka ja masa hanya zuwa kwamfutarka. Masu harkar tanel suke ce masa.

A kan saba: sudo apt install tigervnc-standalone-server, sai vncpasswd ka saka fasuwad, sai ka tayar da shi da vncserver :1 -localhost yes -geometry 1280x720.

A kan kwamfutarka: ssh -L 5901:127.0.0.1:5901 sunanka@adireshin-saba

Ka bar wannan tagar a buɗe kada ka rufe ta. Sai ka buɗe manhajar VNC, wajen adireshi ka rubuta 127.0.0.1:5901 (wasu manhajojin sun fi son 127.0.0.1::5901 da ɗigo huɗu). Abin yana ba sababbi mamaki, wai ya za a yi in kira kaina kuma saba ta amsa. Ai SSH ne yake tsaye a ƙofar 5901 ta kwamfutarka, duk abin da ka miƙa masa sai ya lulluɓe shi ya kai can ya sauke a ciki, VNC kuma yana zaton ɗan gida ne ke masa magana.

Na RDP ma haka: ssh -L 13389:127.0.0.1:3389 sunanka@adireshin-saba, sai ka buɗe Remote Desktop ka saka 127.0.0.1:13389. Na zaɓi 13389 ne don a Windows wani lokacin 3389 ɗin kwamfutarka a kame take.

Windows nake amfani da ita, sai na sauke PuTTY?

Ba dole ba. Tun 2018 Windows 10 take zuwa da ssh a cikinta, buɗe PowerShell ka buga umarnin nan na sama yadda yake. In PuTTY, manhajar SSH ta Windows, ka saba da shi, tanel yana ƙarƙashin Connection, SSH, Tunnels, kada ka manta ka danna Add, nan kowa yake faɗuwa.

Ya zan tabbatar ƙofar ta rufu da gaske?

Kada ka yarda da zato, duba. A saba ka buga sudo ss -tlnp. In ka ga 127.0.0.1:5901 lafiya lau. In ka ga 0.0.0.0:5901 ko *:3389 to duniya yake saurare. xrdp haka yake zuwa a buɗe, sai ka shiga /etc/xrdp/xrdp.ini ka mayar da layin port ya koma port=tcp://127.0.0.1:3389 ka sake tayar da shi.

Sai fayawol a kai, wato mai gadin da ke toshe duk ƙofar da ba ka ba izini ba, kuma a nan ka kula da jeri: sudo ufw allow OpenSSH tukuna, sannan sudo ufw enable. Ni na taɓa juya su, ƙarfe ɗaya na dare, na kunna fayawol ban bar wa SSH hanya ba, har ya tambaye ni ko na tabbata na danna y da ƙarfin hali, sabis ya ɗan ɗauke tagar ta mutu, shikenan na kulle kaina a waje da makullin a ciki. Allah Ya taimake ni kamfanin da na kama haya suna da wani allon gaggawa a shafinsu, ta nan na lallaɓa na gyara, haruffa suna fita a karkace don kibod ɗinsu ba irin nawa ba ne. Tun ranar duk sabar da na kama sai na fara nemo inda wannan allon yake.

Masu Docker ku lura, in kun fitar da ƙofa da -p yana tsallake dokokin ufw, sai ku rubuta -p 127.0.0.1:5901:5901.

In SSH ɗin ne zauren, shi ba za a fasa shi ba?

Za a gwada, kullum ma ana gwadawa. Shi ya sa ake cire fasuwad gaba ɗaya a koma makulli. A kwamfutarka ka buga ssh-keygen -t ed25519, zai ba ka fayil biyu, mai .pub a ƙarshe shi ne kwaɗon da za ka kai saba da ssh-copy-id sunanka@adireshin-saba, ɗayan kuma ɗan makullin ne, ba ya barin kwamfutarka, ba a tura shi a WhatsApp, ba a ajiye shi a imel. In ya tambaye ka kalmar da za ta kare makullin ka saka, don ranar da aka sace laftof a mota.

In ka gwada makulli ya buɗe, sai ka shiga /etc/ssh/sshd_config ka saka PasswordAuthentication no da PermitRootLogin no, ka sake tayar da ssh. Kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata sabuwa ka ga ka shiga.

Akwai wani tarko a nan da ya cinye mutane da yawa. A wasu sabobin Ubuntu na haya akwai ƙaramin fayil a /etc/ssh/sshd_config.d/ mai suna 50-cloud-init.conf da ke cewa PasswordAuthentication yes, kuma shi ake fara karantawa, SSH kuwa maganar farko yake riƙewa, kai kana can kana murna ka rufe alhali a buɗe take. Buga sudo sshd -T | grep passwordauthentication, abin da ya faɗa shi ne gaskiya.

Sauran kuma sabuntawa ce. A Yulin 2024 an sami rami babba a OpenSSH kansa da aka sa wa suna regreSSHion, waɗanda suke sabuntawa suka toshe cikin kwanaki. Ka saka unattended-upgrades ya riƙa yi maka.

In na canza ƙofa daga 3389 zuwa wata lamba fa, ko 22 zuwa 2222?

Yana rage hayaniya a cikin log, iyakarsa kenan. Mai bincike yana bin ƙofofi 65535 ɗin duka in ya so. fail2ban ma haka, yana korar mai yawan ƙwanƙwasawa, yana da kyau a saka, amma ba ya maye gurbin makulli.

SSH ya fito min da gargaɗi da manyan baƙaƙe wai makullin saba ya canza, in share in wuce?

In kai ka goge sabar ka sake ɗora mata sabon tsari, eh, buga ssh-keygen -R adireshin-saba ka sake shiga. In ba ka taɓa komai ba kuma ya fito, tsaya, musamman in kana kan wayifai na otal ko na filin jirgi, yana iya yiwuwa wani ne ya tsaya a tsakiya yana amsa sallama da sunan mai gida.

Ni foreks nake yi, Windows VPS, wato sabar haya, na kama don manhajar ciniki ta MT5 ta kwana tana aiki, duk wannan dogon turancin ya shafe ni?

Ku ya fi shafa ma, don ku kuɗi ne a ciki. Yawanci haka ake miƙo muku ita: adireshi, sunan Administrator, fasuwad, da 3389 a wangale. Wani abokina haka ya bar tasa wata da watanni da fasuwad ɗin sunan 'yarsa da shekarar haihuwarta, wata safiya ya shiga ya tarar duk fayil sun canza suna ga wasiƙa a tsakiyar allo ana neman Bitcoin, dole aka goge komai.

Hanya mafi sauƙi gare ku ita ce VPN naku na kanku, wato keɓantacciyar hanya lulluɓaɓɓiya tsakanin na'urarku da saba. WireGuard ne ake yayi, Jason Donenfeld ya rubuta shi, ya shiga cikin Linux kanta a 2020, kuma abin da nake so da shi, in ba ka da makulli ko amsa maka ba ya yi, mai ƙwanƙwasawa bai ma san akwai ƙofa a wajen ba. In saita shi ya yi maka tsauri akwai Tailscale da aka gina a kansa: ka saka a saba, ka saka a laftof ko waya, ka shiga da akawun ɗaya, kowacce ta sami adireshi mai farawa da 100. Sai ka gwada RDP ta wannan adireshin, in ya yi sai ka je fayawol ɗin Windows ka taƙaita dokar Remote Desktop ga adireshin VPN kaɗai. Ka bar NLA a kunne, wato saitin da ke tantance mutum kafin a nuna masa allon shiga, ka canza fasuwad ɗin da aka ba ka, ka yi wani akawun ka daina zama a Administrator.

Akawun ɗin da ka buɗe VPN da shi kuma ka saka masa tabbaci mai hawa biyu, wato bayan fasuwad sai an ƙara wata shaida kamar lamba daga wayarka. A Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya tsaya cak na kwanaki, gidajen mai suka yi layi, kuma mafarin abin wani tsohon akawun VPN ne mai fasuwad kaɗai.

Kwamfutar tana gida ko shago ne a kan MiFi, ina son in shiga daga wani gari. Na buɗe ƙofa a rauta amma shiru.

Ba laifinka ba ne. Yawancin layukan waya ba sa ba ka adireshin kanka, ku da yawa ake haɗawa a bayan adireshi ɗaya, CGNAT ake ce masa, don haka wanda ke waje ba shi da yadda zai yi ya kira ka. Tailscale yana tsallake wannan don duka ɓangarorin biyu su ne ke fita neman juna. Ko kuma in kana da ƙaramar saba a waje, kwamfutar gidan ta kira ta da ssh -R ta riƙe hanya, kai ka bi ta nan. Sai dai fa duk dabararka in aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu zance ya ƙare, ka shiga BIOS ka kunna saitin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

AnyDesk da TeamViewer fa, ba sun fi sauƙi ba?

Sun fi, kuma don taimaka wa Baba ya gyara firinta daga nesa ba su da laifi. Amma ta sabar kamfaninsu ake haɗa ku, amanarka tana hannunsu, AnyDesk ma da bakinsu suka sanar a Fabrairun 2024 cewa an kutsa cikin tsarinsu. RustDesk yana barinka ka kafa taka sabar haɗin. Babbar matsalarsu dai 'yan damfara ne: duk wanda ya kira ka wai daga banki yake, ka sauke manhaja ka karanto masa lambar da ta fito, kashe wayar kawai.

Yana jan ƙafa sosai, ina danna abu sai na ƙirga uku. Tanel ɗin ne?

Da wuya. Nisa ne da sabis. Haske a cikin wayar faiba kilomita wajen 200,000 yake yi a daƙiƙa, in sabarka tana Landan ko Farankfot daga nan zuwa da dawowa milisakan 100 ne zuwa sama, in tana yammacin Amurka ninka, kuma kowane dannawa sai ya je ya dawo. Buga ping da adireshin sabar ka ga lokacin zuwa da dawowar kafin ka biya kuɗin shekara. Abin da ke hannunka: rage girman allo, rage launi zuwa 16, cire hoton bango ka bar launi ɗaya, kashe inuwa da walƙiyar tagogi a XFCE. Kada ka kalli bidiyo ta ciki, datarka ce za ta tafi a banza.

ssh -X kuma da wasu ke ba da shawara, mai kawo maka tagar manhaja ɗaya-ɗaya ta SSH, a ofis ɗaya yana da daɗi, a tsallaken teku azaba ne. X2Go ya fi shi nesa ba kusa ba kuma shi dama ta SSH yake bi.

Sabis yana yanke min, aikina ya tafi kenan?

Bai tafi ba, destof ɗin yana can yana jiranka yadda ka bar shi, tanel ne kawai ya faɗi, sake ɗaga shi. In yana yawan mutuwa in ka yi shiru, saka ServerAliveInterval 30 a fayil ɗin ~/.ssh/config, ko ka yi amfani da autossh ya riƙa tayar da shi da kansa.

Na shiga amma allo toka-toka ne ko baƙi ƙirin, ba komai.

A VNC yawanci fayil ɗin xstartup ne bai san wane destof zai tayar ba, ka tabbata startxfce4 yana ciki kuma ka yi masa chmod +x. A xrdp kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne ya shiga sau biyu, yana zaune a gaban kwamfutar kuma yana son shigowa daga nesa, fita daga ɗayan. In kuma x11vnc ne a sabon Ubuntu, sabon tsarin nuna allo mai suna Wayland ne ya hana shi, sai ka koma tsohon tsarin, Xorg, a allon shiga in Ubuntu ɗinka yana da wannan zaɓin, ko ka kunna RDP ɗin da ke cikin saitin GNOME.

Da waya zan iya?

Za ka iya. A Android bVNC da aRDP suna da wajen saka SSH a cikinsu, ba sai ka haɗa manhaja biyu ba, masu Linux a laftof kuma Remmina tana da irin wannan. Ka yi wa wayar nata makullin daban kada ka kwafo na laftof, ranar da ta ɓace sai ka shiga ~/.ssh/authorized_keys a saba ka goge layinta ɗaya, sauran na'urorinka su ci gaba da shiga.